Me ya sa babu dankali a sunayen ƙauyukan Ayalan?

Malam Habu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ga tambaya ga masu bibiyar tarihin abinci a zauren nan. Duniya ta san Ayalan da dankalin Turawa, har a kasuwanninmu "Arish" ake ce masa. Amma in ka ɗauki taswirar ƙasar ka bi sunayen garuruwanta, shanu za ka yi ta cin karo da su, da hatsi, da zuma, da kifi. Clonmel asalinsa Cluain Meala ne, makiyayar zuma. Aghaboe kuwa Achadh Bhó, filin shanu. Gortahork da ke Donegal, Gort an Choirce, gonar ot, wato hatsin nan dangin alkama mai jure sanyi da yawan ruwa. Leixlip kusa da Dublin, wurin da kifin salmon ke tsalle. Dankali fa, sai ka sha wahala kafin ka ga inda aka ambace shi. Ina dalili?

Dakta Rabi: Wa alaikumus salam Malam. Sunayen sun girmi dankalin ne. An kasa tsibirin zuwa ƙananan yankuna kusan 61,000, kowanne da sunansa, wani bai wuce 'yan gonaki ba, kuma galibinsu sun samu suna ɗaruruwan shekaru kafin dankali ya iso a ƙarshen ƙarni na 16. Bai zama abincin talaka na kullum ba sai a ƙarni na 18. Kafin nan abin da ke riƙe da mutum shi ne bánbhia, farin abinci, wato madara da nono da man shanu da cuku a lokacin zafi, sai hatsin ot a lokacin sanyi. Shi ya sa taswira ta cika da saniya.

Wanda yake son ganin rabuwar ƙarara ya duba abin da 'yan makaranta suka tattara daga 1937 zuwa farkon 1939. Hukumar adana al'adun gargajiya ta ƙasar, wadda aka kafa a 1935 ƙarƙashin Séamus Ó Duilearga, ta tura yara fiye da 50,000 daga makarantun firamare 5,000 su tambayi kakanninsu da maƙwabta. An samu shafi kusan 740,000, suna Jami'ar UCD a Dublin, an kuma ɗora su a shafin intanet na dúchas.ie. Cikin batutuwan da aka ba yaran akwai sunayen wurare, akwai abincin da. In tsoho yana bayanin sunan fili, shanu da rijiya da waliyyai yake kawowa. Da an koma kan abinci, sai dankali safe, rana, dare.

Sadiya K.: Anti Dakta, ta yaya ake gane asalin sunan? Rubutun da ke kan allon hanya ai ba ya kama da na harshensu.

Dakta Rabi: Saboda rubutun kunne ne. Lokacin da gwamnatin Ingila ta auna ƙasar tsakanin 1824 da 1846, ta sa masana irin su John O'Donovan su zaga ƙauyuka a shekarun 1830, su ji yadda tsofaffi ke furta suna, su duba tsofaffin takardu, sannan a tsayar da rubutu ɗaya da Bature zai iya karantawa. Sauti ya tsira, ma'ana ta ɓuya.

Don haka ba a fara fassara daga rubutun allo. Ana neman rubutu mafi tsufa a takardun coci, na haraji da na rabon filaye, a jera su bisa shekaru. Sai a nemi furucin mutanen wurin, musamman gaɓar da suke dannawa, domin yawanci a kan kalmar da ke siffanta wurin nauyin ke sauka. Sannan a je a ga ƙasar da ido. In an ce sunan na nufin mashigin kogi, to a nuna kogin.

Inda ake yawan faɗawa rami shi ne "Kil". Cill coci ce, coill kuma daji, amma duk biyun "Kil" aka rubuta su. Kildare dai Cill Dara ce, cocin itacen ok. Kilmore kuwa, akwai wadda babbar coci ce, akwai wadda babban daji ne, sai ka ga ko akwai kufan coci da tsohuwar maƙabarta. Wani lokacin ma kunnen baƙo ya mai da sunan wata kalma ta Ingilishi da ba ruwanta da wurin. Vinegar Hill a Wexford, inda aka gwabza yaƙi a 1798, ba shi da haɗi da ruwan tsami. Cnoc Fiodh na gCaor ne, tudun dajin 'ya'yan itace.

Sadiya K.: To ke nan labaran da tsofaffin suka ba yaran nan duk shaci-faɗi ne? In haka ne me ya sa aka ɓata takarda a kansu?

Malam Habu: Ni ma nan na tsaya. Ga Mullingar, An Muileann gCearr, injin niƙa mai juyin baibai. Labarin ya ce waliyyi Colmán ne ya sa dutsen niƙan ya juya ta hagu. Wannan ai bayan an ga sunan ne aka ɗinka masa labari.

Dakta Rabi: Sau da yawa haka ne, Malam, ban musa ba. Suna ya rigayi labari. Amma ban yarda a zubar da labarin ba. Dubi Inishbofin, Inis Bó Finne, tsibirin farar saniya, a gaɓar Galway. Mutanen wurin na cewa hazo ne ya lulluɓe tsibirin, wasu masunta biyu suka ɓace suka sauka, suka hura wuta, sai hazon ya yaye, suka ga tsohuwa tana kora farar saniya a bakin tafki, ta buge ta da sanda, saniyar ta zama dutse. Babu mai cewa hakan ya faru. Sai dai Bede, malamin coci ɗan Ingila mai rubuta tarihi, ya rubuta sunan tsibirin da ma'anarsa a 731, ga shi har yau ana ce wa tafkin Loch Bó Finne. Labarin ne ya riƙe sunan a bakin mutanen da ba su karatu, ya hana a manta wace kalma ce a ciki. Kuma bayar da labari kan kowane tudu da kogi fanni ne mai zaman kansa a wurinsu, dinnseanchas, wanda ke rubuce tun ƙarni na 12. A da, mawaƙin fada ba ya cika sai ya haddace shi.

Malam Jauro: Allah ya ƙara sani Dakta. Bari in shigo ta ɓangaren kiwo, domin akwai kalmar da ta fi kowace amsa tambayar Malam Habu: buaile. Ita ce ke cikin Knocknaboley da Ballyboley da Boleybeg. Mashekarin shanu ne a kan tudu. A da, daga ranar 1 ga Mayu ake hawa da shanu, yawanci 'yan mata ne ke tafiya da su, su zauna a bukkokin dutse da ciyawa, ba a saukowa sai ƙarshen Oktoba. Dalili biyu ne: a raba shanu da amfanin gona da ba shi da shinge, a kuma bar ciyawar kwari ta huta don lokacin sanyi. A tsibirin Achill an ci gaba da yi har shekarun 1940.

Aikin can sama kaɗa nono ne. Ana tara madara a tukwanen ƙasa kwana biyu zuwa uku ta yi tsami, a juye a ganga ta katako mai faɗin gindi, a saka sanda mai faifan katako a ƙasanta, a yi ta sama da ƙasa. In komai daidai ne, cikin rabin awa zuwa awa ɗaya mai ya tashi. A kwashe, a wanke da ruwan rijiya mai sanyi har ruwan ya fita garau, a murza da gishiri. Wanda ya bar ragowar nono a cikin man, kwana kaɗan zai yi ɗoyi.

To ranar da mai ya ƙi tashi fa? Nan camfi ya yi yawa. Ana cewa wata maƙwabciya ce ta sace albarkar, ta rikiɗe ta zama zomo da asubar 1 ga Mayu ta tsotse shanu, ko ta ja igiya a kan raɓar makiyayarka. Shi ya sa a ranar ba a ba kowa wuta, gishiri ko madara ya fita da su daga gida. Ana sa garwashi a ƙarƙashin ganga, a ɗaura reshen itacen caorthann a jikinta, duk baƙon da ya shigo ana kaɗawa kuma sai ya karɓi sandar ya buga ko sau uku ne.

Sadiya K.: Baba Jauro, a ilmance me ke hana man tashi?

Malam Jauro: Zafi da sanyi ne kan gaba, 'yata. Ana son abin da ke cikin gangar ya kasance wajen digiri 13 zuwa 16. In ya yi sanyi da yawa, kitsen ya taurare, ƙwayoyinsa ba sa manne wa juna, sai kumfa kawai ta cika ganga. In ya yi ɗumi da yawa, man ya fito ruwa-ruwa, fari, ba ya dunƙulewa. Matan sun san wannan sarai, shi ya sa da sanyi suke tsiyaya ruwan zafi kaɗan-kaɗan ta bakin murfi, da zafi kuma ruwan rijiya. Sauran dalilan: ganga da ba a ƙona da tafasasshen ruwa ba, cika ta fiye da rabi har babu wurin da nonon zai bugu, da madarar saniyar da ta daɗe da haihuwa, wadda ƙwayoyin kitsenta ƙanana ne. Wannan dokar ta baƙo ya karɓi sanda ma tana da amfani a fili: kaɗawar ba ta son a tsaya, hannu kuma yana gajiya.

Malam Habu: Ke nan camfin duk dabara ce aka lulluɓe.

Dakta Rabi: A nan kam zan ja da kai, Malam. Wasu suna da amfani a ɓoye, wasu tsoro ne tsagwaronsa, kuma an cuci mutane da shi. Wadda ake zargi da satar mai kusan kullum tsohuwa ce, gwauruwa, mai saniya ɗaya. Babu wata dabara a cikin wannan. A lokacin, man shanu shi ne kuɗin hayar gona, ana ɗora shi kan doki a kai kasuwar Cork, wadda daga wajen 1770 ta zama babbar cibiyar fitar da shi zuwa ƙetare. Wanda mansa ya ƙi tashi a watan Mayu, lokacin da ciyawa ta fi kyau, yana hango korar mai gona ne, sai ya nemi wanda zai ɗora wa.

Inda na yarda camfi ya yi aikin alheri shi ne ráth da lios, da ke cikin Rathmore, Lismore, Listowel. Gidajen manoma ne masu zagayen ganuwar ƙasa, akasari daga shekara ta 500 zuwa 1000, inda ake shigar da shanu da dare saboda mahara da kyarkeci. Da aka manta masu su, sai aka ce gidajen mutanen ɓoye ne, ba a nome su, ba a sare ƙayar da ta tsiro a kai. Da haka dubbai suka kai zamaninmu. A 1999 ma da za a yi babbar hanya a Latoon cikin Clare, mai ba da tatsuniya Eddie Lenihan ya yi ta gargaɗi kan wani itacen ƙaya, aka yi hanyar aka bar shi a tsaye.

Malam Jauro: A ƙara da man da ake tonowa a fadamun baƙar ƙasar nan da suke yankawa su busar su yi girki. A 2016 an fito da dunƙule mai kilo 10 a fadamar Emlagh cikin Meath, an ƙiyasta ya shekara 2,000. Wurin akwai sanyi, akwai tsami, babu iska, ƙwayoyin ruɓa ba sa aiki. Har yau masana na muhawara ko ajiya ce ko sadaka ga abin bauta.

Ɗan Bokkos: Kun daɗe a kan saniya, a ba dankali haƙƙinsa. Abin da ya sa ya ci ƙasar shi ne yana yi a inda alkama ba ta yi. Ba huɗa suke yi ba. A kan ciyawa ake shimfiɗa taki ko ciyawar teku, faɗin kamar mita ɗaya da 'yan kai, a jera iri, sannan a yanko ƙasa daga gefe da gefe da doguwar shebur mai kunne ɗaya, a kifa a kai, ciyawa na kallon ciyawa. Ramin da ya rage a gefe shi ne magudanar ruwa, ciyawar da aka kifa kuma ta ruɓe ta zama taki. Har yau ana ganin sawun kunyoyin a jikin duwatsun Mayo da Connemara inda babu kowa. Ana shuka daga wajen 17 ga Maris. A wancan zamani ƙaton lebura kan ci kilo shida a rana, da nono da gishiri, kuma dankali da nono tare sun kusa cika abin da jiki ke bukata.

Matsalar, dankali ba ya shekara. Na rami yana ƙarewa ko ya tsiro zuwa Yuni, sabo bai nuna ba. Yuli suke kira watan yunwa, ko Yulin kabeji. Duk da haka abin kunya ne mutum ya taɓa gonarsa kafin Lahadin ƙarshe ta Yuli, bikin Lúnasa, ranar da ake hawa tudu a tsinki 'ya'yan fraochán, a kuma dafa sabon dankali. Wannan dokar gaskiya ce ta noma: a makonnin nan ne ƙwayar ke ƙara nauyi, wanda ya tona da wuri ya ci rabin amfaninsa.

A 1845 cutar ruɓa ta shigo, ta samu miliyoyin mutane sun dogara kusan kan iri ɗaya, Lumper, mai yawan haihuwa marar juriya. Zuwa 1852 kusan mutum miliyan ɗaya sun mutu, wani miliyan ya yi hijira. Ƙidayar 1841 ta ba da miliyan 8.2, ta 1851 miliyan 6.5. Cutar nan ita ce dai ke addabar manoman Filato da damina. Tana tashi in zafi bai gaza digiri 10 ba, laima ta haura kashi 90 na sa'o'i goma sha ɗaya ko fiye. Baƙin tabo a gefen ganye, farin gashi-gashi a ƙarƙashinsa da safe, sai wari. Magani bai samu ba sai shekarun 1880, da aka gano feshin shuɗin dutse mai sinadarin jan ƙarfe. Haɗin da manoman Ayalan suka riƙe shi ne fam 8 na shuɗin dutsen, fam 10 na sodar wanki, galan 40 na ruwa, a gangar katako domin yana cin ƙarfe. Kariya ce, ba warkarwa ba, in tabo ya riga ya bayyana an makara.

Dakta Rabi: Yunwa ma tana da nata camfin, féar gortach, ciyawar yunwa. Wai akwai wuraren da in ka taka sai yunwa ta kayar da kai nan take, wasu na cewa inda wani ya faɗi ya mutu ne ba a yi masa sutura ba. Maganinta ɓallin gurasar ot a aljihu. Kun ga ko bayan dankali ya mamaye komai, abin da ake guzuri da shi tsohon hatsin ne, domin in an busar da gurasar a gaban murhu takan yi watanni. Ita masu hijira ke ɗauka a jirgin ruwa.

Maman Ilham: Sannunku da ƙoƙari malamai. Tunda an zo kicin, ga boxty, abincin Leitrim da Cavan da Longford da Mayo, ga mai son gwadawa. Ɗanyen dankali giram 250, dafaffe da aka dame giram 250, fulawa giram 200, bekin soda ƙaramin cokali ɗaya a shafe, gishiri, nono kamar mililita 300. A goge ɗanyen a magogi. Su a da gwangwani suke fasawa su huda da ƙusa. A zuba a tsumma mai tsabta a matse sosai cikin kwano, a bar ruwan ya kwanta minti goma, a tsiyaye na sama, farin sitacin da ya zauna a ƙasa a mayar cikin haɗin. Shi ke riƙe shi. A gauraya, a zuba nono har ya yi kauri yana sauka daga cokali da ƙyar, a soya a kasko da man shanu, wuta matsakaiciya, minti huɗu zuwa biyar kowane gefe.

In ya yi toka-toka, an bar gogaggen dankalin ya sha iska ne, sai a goge a ƙarshe a haɗa nan da nan. In waje ya ƙone ciki ɗanye, wuta ta yi yawa ko an zuba da kauri, kada ya wuce santimita ɗaya. In ya yi danƙo, ba a matse ba.

Colcannon kuwa na daren 31 ga Oktoba ne: dankali kilo ɗaya, kabeji giram 300, madara mililita 150 da aka tafasa da lawashi, man shanu giram 80. A dafa dankalin da ɓawonsa, a tsiyaye, a rufe da tsumma a mayar kan wuta kaɗan ya bushe kafin a dame. Ana ɓoye zobe a ciki, wanda ya samu shi ne zai riga aure, a kuma ajiye ɗan kaɗan a waje don mutanen ɓoye.

Sadiya K.: Maman Ilham, burodinsu marar yis fa? Kuma wane nono, kindirmo ko tsala?

Maman Ilham: Tsala, ƙanwata, wanda aka cire wa mai, shi ne ainihin abin da suke amfani da shi. In kindirmo kika samu, ki sirka da ruwa kaɗan. Burodin ba tsoho ba ne sosai, sai da soda ta shigo a wajen shekarun 1830 zuwa 1840. Alkamarsu mai laushi ce, ba ta tashi da kyau da yis, amma da soda da tsamin nono tana yi. Fulawa giram 450, soda ƙaramin cokali ɗaya a shafe, gishiri haka, nono mililita 350 zuwa 400. Ki tankaɗe sodar tare da fulawa, in ba haka ba za ki ga ɗigo-ɗigon rawaya masu ɗaci. Ki yi rami a tsaka, ki zuba nono, ki juya da yatsu a buɗe har ya haɗu kawai. Ba a murza shi. Da nono ya taɓa soda iska ta fara fita, duk mintin da kika ɓata tashi ne ya tafi. Ki mulmula, tsayin yatsa uku, ki tsaga shi gicciye da wuƙa, tsaga mai zurfi. Su suna cewa don albarka ne, suna kuma soka wuƙa a kusurwa huɗu wai mutanen ɓoye su fita. Tsagar ce ke kai zafi tsakiya. Oben digiri 230 minti 15, a rage zuwa 200 minti 30. Ki ƙwanƙwasa gindinsa, in ya yi ƙarar fanko ya nuna. In ya yi kore-kore yana ɗanɗanon sabulu, soda ta fi ƙarfin tsamin nonon.

Malam Jauro: Hajiya kada a manta da cáfraith. Dusar ot ake jiƙawa kwana huɗu zuwa mako ta yi tsami, a tace, a bar shi ya kwanta, a dama gasarar, kusan yadda ake kamu a yi koko. Ruwan saman kuma shi ake sha a madadin madara a ranakun azumin Kirista da aka hana abin da ya fito daga dabba.

Sadiya K.: Na gode Baba. Saura wadda ba ta da oben.

Maman Ilham: Ai su ma ba su da shi. Tukunyar ƙarfe mai faɗin gindi da murfi suke ratayawa a kan wuta, su ɗora garwashi a kan murfin. Ki samu tukunya mai kauri, ki ɗora ta yi zafi tukuna, ki barbaɗa fulawa a gindi, ki saka ƙullin ya bar tazarar yatsa biyu daga gefe da kuma murfi. Garwashin sama ya fi na ƙasa yawa, kamar kashi biyu sama kashi ɗaya ƙasa, domin gindi ne ke saurin ƙonewa. Ki riƙa juya tukunyar kwata-kwata duk minti goma, ki sabunta garwashin murfi sau ɗaya a tsakiya, kada ki buɗe kafin minti 30. Yakan kai minti 40 zuwa 45. Da kin sauke ki naɗe shi a tsumma in kina son ɓawon ya yi laushi, ki jingine shi a tsaye ya huce kafin ki yanka, in kika yanka da zafi cikin zai cuɗe.